Fayil ɗin da Kawu Ya Iya Karantawa

Har yau idan na ji wani mai rubuta manhaja yana yabon YAML, wai ai kowa na iya karanta shi, sai raina ya ɓaci. Ni na san wannan kowa ɗin. Ƙanen mahaifiyata ne.

Bayan na gama karatun kwamfuta a Birnin Kebbi na ɗan yi zaman gyaran waya a unguwar Nasarawa, sai Kawu ya samo mini aiki. Shi ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa, masu gonaki daga fadamar Zauro har gefen Argungu. Injin yankan shinkafa guda ɗaya suke haya, kuma kowace shekara sai an kai ruwa rana kan gonar da zai fara shiga. Aka ce in rubuta manhajar da za ta riƙa tura saƙon waya kowace safiya, ga direban injin da kuma manomin da layi ya zo kansa, don a huta da cacar baki.

Yadda za a jera gonakin ba ni na yanke ba, taron ƙungiya ne ya yanke. Shinkafar rani da aka makara shukawa tana nuna ne damina na bakin ƙofa, kuma idan gulbi ya fara cika gonakin kwari yake fara ci. Saboda haka kwari a fara, tudu a ƙarshe. Babu wanda ya yi musu. Kawu ma shi ya yi addu'ar tashi.

Na zuba jerin gonakin cikin fayil na YAML. Ga wanda bai sani ba, wata hanya ce ta rubuta bayanai yadda kwamfuta za ta gane, mutum ma ya karanta kamar takardar cefane: mai gona, lambar wayarsa, garinsu, kwari ko tudu. Manhajar tana bi daga sama zuwa ƙasa, wanda ke sama shi ne farko. Na zaɓi wannan hanyar ne don manoma su ga abinsu da idonsu, kada a ce ɗan 'yar'uwar sakatare ya ɓoye wani abu cikin na'ura.

Wata rana Kawu ya ce in nuna masa yadda ake gyara lambar waya idan manomi ya canza layi, don kada a riƙa kirana kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na nuna masa. Na ja masa kunne cewa wannan rubutu ba ya wasa da tazara, layi ya goce kaɗan manhaja ta tsaya cak. Ya dube ni ta saman tabarau. Mutumin da ya yi ritaya yana buga tafireta a sakatariyar jiha, ni ne zan koya masa tazara? Na miƙa masa kwamfutar ofis na koma shagona.

Yayata tana Argungu. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a can cikin kwari, kuma da ita take ciyar da gidanta shekara guda. Gonarta na cikin na farko-farko a jerin, ba don ni ba, don ita ruwa ke fara taɓawa. Ana cikin yanka sai ga kiranta.

"Auta, shiru nika ji. An ce injin na can bisa tudu, ni kau ruwa ya hwara leƙo min gona."

Na hau kabu-kabu sai ofis. Na buɗe fayil ɗin, na ga abin da har yanzu idan na tuna sai jijiyar kaina ta tashi. An juya jerin gaba ɗaya. Gonar hakimi ce a sama, sai ta wani tsohon babban sakatare, sai alhazai bisa girman rawaninsu, sai limamai, sai talakawa maza. Mata suna can ƙasa, Yaya kusan ta ƙarshe. A YAML akwai wata alama mai kama da gidan dara, duk abin da aka rubuta bayanta kwamfuta ba ta kula shi. Kawu ya gano wannan da kansa. Gefen sunan hakimi ya sa alamar ya rubuta Allah ya ja zamaninsa, gefen na alhazai Allah ya ƙara arziki.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko tazara ɗaya bai ɓata ba. Da ya yi kuskure, da manhajar ta ƙi tashi, da tun safiyar farko an neme ni. Amma aikin tsaf, ya fi nawa kyan gani. Kwamfuta ta karɓa ta tura injin tudu, ba ruwanta.

Na same shi a barandar ofis yana shan shayi.

"Kawu, wa yaj juya sunayen ga?"

"Ni na. Mi anka yi?"

"Ba haka taro yac ce ba."

"Kai yaro, mi kas sani? Ɗan aiken hakimi ya shigo nan, ya leƙa allon ga, ya karanta da bakinai. Sunan hakimi ƙarƙashin na macce! Da abin ga ɓoye yake da da sauƙi. Amma ka rubuta shi hili, ko ɗan hiramare na karantawa. Ni za a tsine ma, ba kai ba."

"Wanga ba zaman hwada na ba, Kawu. Gonar hakimi bisa tudu take, ko wata anka yi ba abin da ka samun ta. Ta Yaya hwa?"

"Ɗiyar 'yar'uwata ta. Ka hi ni son ta? Allah na tsarewa."

Ban taɓa jin sha'awar kifar da kofin shayi a jikin babba ba sai ranar. Na koma ciki na mayar da jerin yadda yake. Washegari daga masallacin asuba Kawu ya wuce ofis ya sake juyawa kafin saƙo ya fita. Na gyara, ya juya. Da ya ga ba zan daina ba, sai ya sa kwamfutar a jaka ya kai ɗakinsa, inda ya san ba zan iya kutsawa ba. Can take tura saƙonta kowace safiya.

Na je wurin shugaban ƙungiya. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce magana ce tsakanin ɗa da kawunsa, mu je mu sasanta. Na gane gonarsa na cikin waɗanda suka hau sama. Daga nan na nufi mai injin, wani ɗan kudu da ke sayar da kayan injin ban-ruwa a Nasarawa, wanda Hausar Kabi ta zauna bakinsa fiye da ni. Ya tausaya mini, har kujera ya ba ni, amma ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, ni saƙo nika bi. Shekarun da nika bin bakin mutane, saura kaɗan a ƙone min injin. In saƙo yac ce Argungu, yau ɗin ga direba na tahiya."

Ban ga laifinsa ba. Shi kaɗai ne a cikinsu ya riƙe alkawarin da aka yi.

Na rufe shago na shiga motar Argungu. 'Yan ƙwadago sun yi wuya, duk mai gona a kwari ya riga ya kwashe su. Muka shiga da lauje, ni da Yaya da wata maƙwabciyarta. Ran farko ruwa a idon sawu, muna yanka muna ɗorawa a ka zuwa gaɓa. Kafin mu ci kwata na gonar ya kai gwiwa, daga nan sai lalube, ka kama zangarniya a ƙarƙashin ruwa ka yanko ta tana ɗiga. Abin da muka fitar ma rabinsa ya yi tsiro a tsibi don babu ranar shanya.

Muna tsaye ruwa a cinya wayarta ta yi ƙara a cikin ledar da ta ɗaure a ɗankwali. Ta ciro ta miƙo mini. Saƙon manhajata ne, kalmomin da na rubuta da hannuna, wai gobe injin zai shigo gonarta, ta tanadi buhuna.

"An ce Kawu da hannunai yac canza?" ta tambaye ni.

"Awo."

"Kai kag gina abin, shi karatu kawai ya iya. Ba ka iya yin shi yadda ba mai ganewa sai kai?"

Ina iyawa, ya ma fi sauƙi. Ta mayar da wayar cikin leda, ta sunkuya ta ci gaba da lalube.

Bayan ruwa ya shanye kwarin, Kawu ya zo Argungu jaje da babbar rigarsa. Ya zauna kan tabarma ya ce haka Allah ya ƙaddara, gulbin bana ya yi gaggawa. Ni ina bakin zaure, na kasa shiga, don na san idan na buɗe baki sai an tara mini dangi. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta shiga madafa. Shinkafar da ta dafa masa ranar, daga kasuwa aka auno ta.