Jikan da ya ari bakin kakanni

Shekara shida ke nan da muka kai Sagiru makwancinsa. Jikana ne, ɗan babbar 'yata, kuma ya rasu yana ajin ƙarshe a jami'a a nan Wudil, bayan ɗan zazzaɓin da ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ni da na sa rai shi zai kama makarata, sai ga ni a sahun gaba ina yi masa salla. Har gobe abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne kogi ya sake fara cin gonakinmu. Ƙauyenmu yana gefen kogin Wudil, kuma rabin abincinmu daga fadamar bakin ruwa yake fitowa, tumatir da albasa da rake. Masu tifa kuwa yashi suke so, a kai birni a yi gini. In aka haƙa a tsakiyar kogi babu laifi. In aka matso gindin gaɓa, da damina ta kankama sai ƙasa ta zabtare, mutum ya wayi gari wani yanki na gonarsa ya bi ruwa.

A zamanin Sagiru mu manya mun gani, mun kuma yi shiru, domin masu lodin yashin 'ya'yanmu ne, da shi suke cefane. Samarin da abin ya dama suka taru suka je zauren dagaci, suka durƙusa suka kwashi gaisuwa. Aka amsa musu da fara'a, aka sa musu albarka, aka ce su koma su turo manyansu. A wurinmu yaro ba ya kawo maganar ƙasa gaban dattawa, ko da gemunsa ya taɓa ƙirji. Iyaye kuma wa zai zauna ɗan cikinsa ya koya masa abin faɗa?

Sagiru ne ya lura cewa akwai tsoho ɗaya tak da yaro zai yi wa gardama ya kwana lafiya, shi ne kakansa, tunda al'ada ta ba jika da kaka lasisin wasa. Ya ce wa abokansa kowa ya je ya kama nasa.

Ni da hantsi ya same ni a gindin darbejiya ina jin rediyo. Ya ce, "Tsoho, ka gama cin zamaninka, yanzu kuma gadona za ka bar wa kogi? In gonar nan ta tafi, matarka zan ɗauke a madadinta." Na ce ya ɗauka yau ma, na huta da mita. Muka yi dariya. Amma bai rabu da ni ba sai da ya ja ni bakin gaɓa, ya nuna mini mangwaron da ubana ya dasa, saiwoyinsa duk a waje suna reto a kan ruwa. Daga nan dariya ta ƙare mini.

Sai horo ya fara. Ni da na yi ritaya ina hedimasta, yaron nan ya zaunar da ni ina maimaita jawabi kamar ɗan aji ɗaya. In na fara doguwar sharar fage ya katse ni, ya ce dagaci zai yi gyangyaɗi kafin in iso bakin kogi. Abokin karatunsa Istifanus, ɗan Gombe, wanda ya auna musu tazarar da ta kamata a bari tsakanin rami da gaɓa, ba shi da kaka a nan, sai ya ce ni ne nasa shi ma. Abu ɗaya Sagiru ya nace a kai, kada mu nemi a hana ɗibar yashi. A ja iyaka kawai, manomi ya ci, mai lodi ya ci.

Ranar da muka je, tsofaffi ne reras da sandunanmu a cikin zaure, jikoki suna waje jikin katanga suna kasa kunne. Dagaci ya saurara, ya kira kansila, magana ta kai ƙaramar hukuma, aka zo aka kafa turakun iyaka. Gari ya ɗauka da yabon hangen nesan dattawa. Na ce da Sagiru bari in faɗa musu gaskiya. Ya ce, "Ƙyale su, tsoho. Gona nake so, ba kirari ba."

Yanzu turakun sun ruɓe, wasu an tuge su, kuma yawancin kakannin nan sun riga mu gidan gaskiya. Samarin yau da waya suke faɗa. Su ɗauki hoton gaɓar da ta zube su watsa, kafin la'asar mutanen da ba su taɓa ganin Wudil ba sun fi mu fushi. Nakan tambayi kaina me Sagiru zai ce. Ina jin zai yi murna, sannan ya tsokane su da cewa fushin na nesa bai taɓa kafa turke ba. Amma ina zargin akwai abin da zai fi damunsa. Dabararsa ta ceci fadama, sai dai ta bar ƙofar zauren a rufe ga matasa kamar yadda ya same ta. Ya sani, bai dai samu lokaci ba.

Makon jiya ƙanwarsa Hafsatu, wadda take koyarwa a firamare, ta shigo mini da sallama. Na gyara zama ina jiran a ba ni jawabi in haddace. Ta ce, "Angona, ba bakinka na zo ara ba, haƙoran ma sun ƙare. Rakiya kawai za ka yi mana, mu za mu yi magana." In aka mayar da su kamar yadda aka mayar da yayanta, damina ta ƙarato, kuma abin da ya rage na gonar uwarta ba zai kai kaka ba.

Muka je zauren dagaci. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, samari suna bayanta, ta fara bayani. Ba ta yi nisa ba wani dattijo ya ce, "Wai yaran nan ba su da manya ne?" Na ɗaga sandata na ce, "Ga mu nan, ranka ya daɗe. Yau saurare muka zo yi." Dagaci ya dube ni, ya dube ta, ya ce a bar ta ta ƙarasa.

Ban sani ba ko turaku za su koma kafin ruwa ya sauka, an dai ce samarin su je da wakilin dagaci su nuna wurin. Kogi yana iya cinye duk abin da Sagiru ya kafa, na yarda. Amma yaron nan ya rayu ya mutu ba a taɓa jin muryarsa a cikin zauren ba, ga shi ƙanwarsa ta yi magana a ciki har ta kai aya. Da muka fito na so in tsokane ta, hawaye suka hana ni. Allah ya haskaka kabarinka, Sagiru, ya sada mu a inda babu rabuwa.