Babur ɗin da Kawu bai ji zuwansa ba

Ko na so in manta, Juma'ar nan ba za ta fita daga raina ba, ranar da na hau sabon babur ɗina mai lantarki na nufi Tarai don in gaida kawuna.

Bayan cire tallafin man fetur, zirga-zirga tsakanin wurin aikina a Rano da gida ta fara fin ƙarfina. Da gwamnati ta soma ƙarfafa wa jama'a gwiwa su koma ababen hawa masu lantarki, ina cikin na farkon amsawa. Na sayar da tsohon babur ɗina mai ƙara kamar injin niƙa, na sayi sabon. Ba fetur, ba hayaƙi, a yi cajin batir a shagon sola a kama hanya. Abin da na fi alfahari da shi kuwa shirunsa.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni. Ya daɗe da rasa ganinsa, amma bai taɓa yarda a yi masa jagora ba. Da sandarsa yake zuwa masallaci da gona. Tun daga nesa yakan ji babur, ya san ta inda ya ɓullo, ya ratse gefe ya tsaya. Nawa ma ya san kukansa. Kafin in yi sallama sai in ji ya ce, "To, mai tarin fuka ya iso."

Kaka ce, dawa ta yi tsayi ta rufe turba hagu da dama. Ina shan kwana na hango shi a gabana, ya nufi masallaci. Yatsana ya kai kan hon, na janye. A wajenmu ba a danna wa babba hon, balle wanda ya rene ka. Ban ma taɓa buƙatar haka ba, domin kullum shi ke ratsewa. Na rage gudu da niyyar in bi ta damansa, in tsaya a gabansa mu gaisa. Na manta cewa ƙarar da yake ji a da, na sayar da ita a Rano.

Sai da na zo dab da shi ya ji taya ta taka busasshen ganye. Ya zabura ya yi dama, inda ya saba ratsewa, babur ɗin ya buge shi. Gudun bai taka kara ya karya ba, amma ƙashin tsoho ba ya jure faɗuwa.

Da na tallafe shi, ya shafa fuskata.

"Kai ne? To ina babur ɗin naka?"

"Shi ne wannan, Kawu. Sabo ne, na lantarki."

Ya cije leɓe, ya ce, "Abin hawa ba sallama? Ai ɓarawo ka sayo."

Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. An kai shi asibiti, ya yi jinya ya miƙe, amma bai ƙara fita shi kaɗai ba. Da na roƙe shi ya gwada, sai ya ce, "Ba ƙafar ba ce, ɗana. Tunda ɗaya ya shigo, wasu na tafe. Hanyar ta daina yi mini magana."

Mutumin da ya ƙi jagora shekara da shekaru ya koma zaman zaure, sai an zo an kama masa sanda. A haka Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Har yanzu babur ɗin nake hawa, ban kuma ce manufar ba ta da kyau ba. Amma na koyi cewa kafin ka kawar da abu don ka ga aibinsa, ka tambaya ko akwai wanda da aibin nan yake rayuwa. Yanzu in na shiga turbar Tarai, tun daga nesa nake ɗaga murya in yi sallama, ko da mutum a gabana ko babu.