Sista Zazzage da Ƙodar Mahaifiyata

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsaye bayan gilashi ina gyara wa wani dattijo kwanciya a na'urar hoto, mai sharar sashenmu ta turo ƙofa ba tare da sallama ba, ta ce mini kin cika, Sista. Na ƙarasa hoton dattijon domin ba shi da laifi, sannan na zauna a kujerarki na rasa abin da zan yi da hannuwana. Na Allah ne mu, kuma komawarmu gare Shi take, amma wallahi na ji zafin wannan rashi.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ɗaki ɗaya, ni ina sarrafa na'urar da ke ɗaukar hoton cikin mutum, ke kuma kina nas mai kula da allura. Ga wanda bai san aikinmu ba, akwai wani ruwa da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya domin kayan cikinsa su fito tar a hoto. Mu a ɗakin kala muke ce masa. Ƙoda ce take tace shi ta fitar da shi ta fitsari. Mai lafiyayyar ƙoda ba ya ma sanin an yi, amma wanda tasa ta riga ta gaji, ruwan nan yana iya ƙarasa ta. Kowa a sashen ya karanta wannan a littafi, sai dai ke ce kika ɗauke shi a ka kamar ƙodar taki ce.

Ba kya taɓa sa wa mutum kala sai kin ga takardar gwajin jininsa, in ba haɗari aka kawo ba, wanda minti ɗaya ma ba a jira. Kina da tulun roba a gefen teburinki da kofuna shida, duk wanda likita bai hana shi ruwa ba sai ya sha kafin hoto, ya sha bayan hoto. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce miki shi hoto ya zo ɗauka, ba wanka ba. Kika ce masa ya shanye tukuna, in ya so sai ya kai ƙara.

Sunan Sista Zazzage da muka laƙaba miki kuwa daga jakunkunan mutane ya samo asali. Ba kya tambayar majinyaci ko yana shan magani, domin kin ce kowa a'a zai ce. Sai ki shimfiɗa farar takarda a tebur ki ce, "Zazzage min jakar nan." Mata su yi ta dariya suna jin kunya, ga makullai, ga man shafawa, ga tsohon katin asibiti, kuma can ƙasa sai ga ƙwayoyin ciwon jiki da aka saya a kemis. Maza kuma aljihu kike sa su juye. Ni a lokacin ɓata lokaci nake ganinsa. Layi ya kai bakin matakala, ina leƙowa ina nuna miki agogo, ke ko a jikinki.

Shekara huɗu da suka wuce mahaifiyata ta fara ciwon ciki, likita ya rubuta a yi mata hoto da kala. A nan na yi abin da mu ma'aikatan asibiti muka saba yi wa namu: na shigo da ita ta ƙofar baya, ba layi, ba cike takarda, ba gwajin jini. A ganina gata na yi mata. Tana da ciwon suga, na sani, amma na ce ai ina lura da ita. Na tambaye ta a mota ko tana shan wani abu ban da na suga, ta ce babu.

Kika gaishe ta har ƙasa, kika tambayi gida da jikoki, sannan kika juyo gare ni kika ce, "Ina takardar jininta?"

Na ce, "Sista, Innata ce fa. Na san lafiyarta."

Kika ce, "Ka san ta, amma ba ka san ƙodarta ba. Mama, ki yi haƙuri, zazzage min jakar nan."

Raina ya ɓaci. Tsoro ne ya cika ni a kan abin da hoton zai nuna, sai na huce a kanki. A gaban majinyata da ɗalibai na ce miki ke nas ce ba likita ba, ki tsaya a matsayinki, uwata ce ba taki ba. Na dai ga hannunki ya tsaya a kan farar takardar da kike shimfiɗawa na ɗan lokaci, sannan kika ci gaba da gyara ta.

Inna ta juye jakar. Kwalaye uku na ƙwayar ciwon gaɓoɓi suka faɗo, irin wadda mu duka mun san tana cin ƙoda in aka daɗe a kanta. Kika tambaye ta tun yaushe take sha. Ta ce, "Ai wannan ba magani ba ne, 'yata, na gwiwa ne. Biyu da safe, biyu da yamma. Shi ya fara kawo min, shekara uku ke nan." Kuma gaskiya ta faɗa. Ni na saya mata kwali ɗaya lokacin da ta zame a banɗaki, na manta da zancen, ita kuma duk sa'ad da ya ƙare sai ta aika da kwalin kemis a kawo mata irinsa.

Da kanki kika ɗebi jininta kika kai ɗakin gwaji. Da sakamakon ya fito, ƙodarta ba ta yin ko sulusin aikin da ya kamata. Likitan ƙoda ya duba takardar, ya yi mini wani irin kallo, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka ɗage hoton. Aka tsayar da ƙwayar, aka daidaita maganin suga. Ranar da aka yi hoton ke kika ɗaura mata ƙarin ruwa tun da sassafe, kika tsaya a kan a rage yawan kalar iya abin da zai nuna, kika sake ɗaura mata wani ruwan bayan an gama. Bayan kwana biyu, ranar hutunki ce, amma kika bugo mini waya kina tambaya ko an maimaita gwajin. An gano abin da ke damun cikin, an yi maganinsa. Har yau Inna ba ta taɓa hawa injin wankin ƙoda ba, kuma da ƙafarta take zuwa ganin likita.

Ni kuwa ban ba ki haƙuri ba. Wannan ne abin da ya hana ni sakat tun ranar Talata. Na riƙa kawo miki shayi, na daina nuna miki agogo, ni da kaina na koma cewa mutane su zazzage jaka, duk ina ganin kin gane. Girman kai ne kawai, babu wani suna da zan ba shi. Shekara huɗu muna zaune taku uku tsakaninmu, kalma biyu ta gagare ni.

Da ciwon zuciya ya kwantar da ke a ɗakin mata na sama, na hau ranar Lahadi da la'asar da niyyar in faɗa. Na tarar da 'yarki tana gyara miki matashi. Kafin in buɗe baki kika ce, "Mai Hoto, yaya Mama? An yi mata gwajin wannan watan?" Na ce an yi, yana nan yadda yake. Kika ce alhamdulillahi, kika lumshe ido. Na ga kin gaji, sai na ce a raina bari ki samu sauƙi tukuna. Na yi ta ba ki labarin na'ura da ta lalace, na tashi na tafi.

Inna ta nace sai na kai ta gidanku gaisuwa. Ta riƙe hannun 'yarki ta yi kuka kamar ita ta haife ki. A hanyar komawa, mun tsaya a danja, ta ce, "Ka dai nemi yafiyarta tun tana da rai ko?" Ashe ba ta manta abin da ta ji na faɗa ba. Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce ban yi ba, Inna. Sai ta ce, "To sai ka yi ta mata addu'a. Abin da ya rage maka ke nan."

Sista, na yi miki laifi a bainar jama'a, shi ya sa nake rubuta wannan inda jama'a za su gani. Ke ce da gaskiya, ni ne na yi rashin kunya. Ki yafe mini.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa, Ka gafarta mata, Ka haskaka makwancinta, Ka sa wahalar da ta sha a kan bayinKa ta zama mata sanyi a ranar hisabi. Ga maigidanta, da 'ya'yanta huɗu, da ƙannenta, da duk abokan aikinmu, ina miƙa ta'aziyyata da ta mahaifiyata. Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi, Ya raya abin da ta bari, mu kuma Ya sa mu cika da imani.