Yadda Uwar Ɗaki Ta Samo wa Auta Ɗakin Ƙasa

A ɗakunan kwanan 'yan mata na jami'ar, ba kowa ya san sunanta na gaskiya ba. Uwar Ɗaki ake ce mata. 'Yar siririya ce mai karantar labarin ƙasa, kullum cikin silifas da sauri kamar wadda aka aika.

A shekararta ta farko ba ta samu ɗaki ba. Haka ta yi ta raɓe-raɓe, yau gefen katifar wannan, jibi kan tabarmar waccan, har babu ginin da ba ta kwana ciki ba. A nan ta san ɗakin da ke yoyo da damina, da wanda tagarsa ke kallon janareto. Masu minshari kuwa, ta san su gado-gado.

Auta ba ta taɓa jin labarinta ba ranar da yayanta ya kawo ta makaranta. Da sanduna take tafiya tun tana ƙarama, ga shi an ba ta ɗaki a can saman bene. Yayan ya koma ofis ya yi bayani, aka ce ɗakunan ƙasa sun cika. Auta ta zauna a kan matakala tana haɗiye kuka, shi kuma ya tsaya da akwati a hannu.

"Ƙanwata, wa ya taɓa min ke?"

Uwar Ɗaki ce, da bokiti a hannu. Yayan ya faɗa mata abin da ke nan. Ta dubi sandunan, ta dubi benen, ta ajiye bokitin.

"Kina tsoron hayaniya?"

"Mu tara ne a gidanmu, Yaya," in ji Auta.

"Shi ke nan, kin samu ɗaki. Ku jira ni."

Akwai wata 'yar aji biyu a ɗakin ƙasa kusa da wurin wanki, wadda surutun masu wanki ya hana ta karatu. Sama take so, amma ta rantse ba ta motsawa sai da ƙawarta. Uwar Ɗaki ta hau sama ta lallaɓa wata mai ciwon gwiwa ta sauko, gado biyu suka samu a can, nata da na Auta. Sannan ta tasa su duka gaba zuwa wurin matar da ke kula da ginin. Matar ta sa hannu tana dariya: "Ke dai kujerata kawai ba ki karɓe ba."

Kafin la'asar Auta tana shimfiɗa zanin gado, ƙofar banɗaki na nan kusa da ita. A ɗakin ta yi karatunta har ta gama.

Uwar Ɗaki ta riga Auta gama makaranta da shekara biyu. Ranar da za ta tafi, Auta ta shirya godiya mai tsawo, amma da ta buɗe baki sai hawaye. Ita kuwa tana ta jijjiga makullin ƙofa.

"Ki sa masa mai kafin ruwa ya sauka, yana cijewa. Kuma kar ki yarda a ba ki ɗakin ƙarshe, akwai kyankyasai."

Mahaifiyar Auta ba ta taɓa ganin Uwar Ɗaki ba. Amma har yau, in suna waya da Auta, sai ta tambaya: "Ina 'yata ta makaranta? Ki ce ina sa mata albarka."