Ƙwaryar Inna, Garwar Baba

Wata safiyar Laraba ce, cikin daminar da na shiga aji huɗu, garwar nan ta shigo gidanmu. An kwana ana ruwa, garke ya yi caɓal, ina tsaye riƙe da igiyar maraƙi, Inna kuma tana tsugune ƙarƙashin saniya da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, sai muka ji babur ya tsaya a bayan danga. Baba ne ya dawo daga Dutsin-Ma, ruwan jiya ya tsare shi ya kwana a Kurfi. Ya shigo da hular hana-sallah a kansa, shi da ban taɓa gani ba sai da zanna, yana rungume da wani tulun ƙarfe mai murfi da ke ta ƙyalli. Mu dai garwa muka sa masa suna. Ya dire ta a tsakiyar garke, ya ce daga yau cikinta madara za ta riƙa shiga. Inna ta ɗago ta dubi garwar, ta dubi hular, ta yi masa sannu da zuwa, ta ci gaba da tatsarta.

A ƙauyenmu da ke gefen Barkiya kowa ya san yadda abin yake tun kaka da kakanni: shanu na maigida ne, abin da aka tatsa kuwa na matar gida ne. Baba shi ke kiwo, shi ke neman harawa, shi ke sayar da bajimi in hidima ta taso, amma da zarar madara ta taɓa gindin ƙwarya ya fita daga maganar. Inna takan zuba ta cikin manyan ƙore ta rufe da faifai ta kwana ta yi barci, washegari ta ɗura cikin gyanɗama ta yi ta kaɗawa har mai ya taso, ta tsame shi ta curo dunƙule-dunƙule ta jefa cikin ruwan sanyi. Aikina shi ne wankin ƙore da surfen geron fura, kuma ba zan yi ƙarya in ce ina so ba. Sa'o'ina na can gindin bedi suna 'yar carafke, ni ina nan ina fama da taɓarya, kafaɗuna na ciwo. In na yi tsaki Inna ta ce, "Daka dai, Rabi, rigar makarantarki na cikin turmin nan." Gaskiya ta faɗa. Rigar makarantata, sabulunmu, gishiri da daddawa, gudummawar biki da ta suna, har kwanukan da take tara mini a ƙarƙashin gado, duk daga ƙwaryar nan suke fitowa, kuma ban taɓa jin ta tambayi Baba ko sisi ba.

Ranar Laraba ita ce babbar ranarta. Takan naɗa gammo, ta jera ƙore a kai, mu taka hanyar daji har bakin titi mu hau mota zuwa Dutsin-Ma. In babu makaranta da ni ake zuwa, wani lokacin ko akwai ma, don malamin ajinmu ya gaji da tambayata. Inna ba ta zama cikin kasuwa, gida-gida take bi. Tana da wata Hajiya a bayan masallacin Juma'a wadda ba ta cin man kowa sai nata, tana da matar wani tela, tana da tsofaffi biyu da ke jiran furarta kamar albashi. A gidajen nan ana shimfiɗa mata tabarma, a tambaye ta shanu da sunayensu, a ba ta labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu. Mukan dawo da yamma ƙafafu sun yi tsami, ƙore babu komai, bakin zaninta a ƙulle.

Yadda aka yi Baba ya je Dutsin-Ma kuwa, wata ƙungiya ce ta shirya horo kan sana'ar madara, ta aiko wa mai unguwa cewa ya turo masu shanu. Mai unguwa ya tsaya bayan sallar la'asar ya ce ana neman masu shanu, masu shanu kuwa suka miƙe, dukansu maza. Babu wanda ya yi mugunta a ciki. Waɗanda suka aiko ba su san a wurinmu mai saniya daban mai madara daban ba, mu kuma da muka sani ba wanda ya ga abin faɗa, tunda ai ba a tambaya ba. Haka mutanen da ba su taɓa curin man shanu ba suka je suka zauna a benci aka koya musu yadda ake cin riba da madara, masu ƙore suna gida suna wankinsu.

Ba zan ci amanar horon nan ba, ya yi amfani. Baba ya dawo yana wanke hantsar saniya da ruwan ɗumi kafin tatsa, ya sa aka sayo farin ƙyalle na tacewa, ya gina rumbun harawa da dusa tun kaka maimakon ya jira rani ya kama shi. Ya fara kiran malamin dabbobi kafin saniya ta kwanta, ba bayan ta kwanta ba, kuma a shekarar maraƙi ko ɗaya bai mutu mana ba. Mutum ne da bai taɓa zama a aji ba, sai ga shi da takardar shaida a cikin leda, yana nuna wa duk baƙon da ya shigo zaure. Ban taɓa ganin shi da farin ciki irin na lokacin ba. Kullum maganarsa, "Kiwo sana'a ne, ba gado kaɗai ba." Har Inna ya tsaya yana koya wa wankin hannu, ita da ta fara tatsa tun ba ta iya ɗaura zani ba, ta miƙa hannuwan ta wanke yadda ya ce, tana kallon gefe don kada ya ga tana dariya.

Tsarin ƙungiyar shi ne, kowace safiya wani mai babur zai biyo ƙauyuka ya kwashi madara ɗanya ya kai wani ɗaki mai na'urar sanyi, ƙungiya kuma ta biya ɗan ƙungiya, wato Baba. Inna ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta ce, a bar mata 'Yar Wurma. Wannan saniya ce fara mai gajeren ƙaho da mahaifinta ya ba ta tana karsana lokacin da za a kawo ta daga Wurma, don haka ko a shari'ar maza tata ce. Baba ya ce ai wannan ba abin magana ba ne. Daga nan ƙoren Inna suka koma ɗaya, man da take cura bai fi cikin tafin hannu ba, ta rage gidajen da take bi, sai na Hajiya da na tsofaffin nan kaɗai take zuwa. Ni kam a lokacin murna na yi, don surfe ya ragu, na samu na koma gindin bedi. Duk da haka Laraba ba ta wuce ta, kuma gishirinmu har lokacin daga ƙwaryarta yake.

Sai rani ya shigo. Ciyawa ta ƙare, shanu suka rame duk da rumbun Baba, madara ta janye. A cikin garwar akwai wani zane na awo, kuma dokar ƙungiya ita ce wanda madararsa ta yi ta kasa kaiwa zanen nan, mai babur zai daina biyo masa, don ba zai ƙona mai a hanyar daji saboda rabin garwa ba. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Baba ya karɓi garwa, ya karɓi hula, ya yi alkawari a gaban mutane. Na ga yana leƙa garwar nan safiya bayan safiya, yana karkata ta, kamar in ya karkata za ta ƙaru. Wani maƙwabcinmu ya ba shi shawarar ya ɗan sa ruwa, Baba ya ce shi ba zai haɗa sallah da wannan ba.

Ran nan Inna ta gama tatsar 'Yar Wurma, ta miƙe da ƙwaryarta, sai ta tarar da Baba tsaye a gabanta da garwa, murfin a hannunsa. Can ya ce, "Asabe, ki ara mani ta yau. Damina na sauka in maida maki."

Inna ta dubi cikin garwar. Ta ce, "Malam, madara ba a aronta. In ka ce in ba ka, sai in ba ka."

Ya ce, "To, ki ba ni."

Ta karkata ƙwaryar ta juye, har ta sa yatsa ta share kumfar da ta rage a baki. Madara ta haye zanen da kaɗan. Baba ya yi ta sa mata albarka, ya rufe garwa ya fita da sauri don an ji ƙarar babur. Ita kuwa ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in wanke. Washegari bai tambaya ba, ya dai tsaya a wurin, ita ma ba ta jira ya tambaya ba. Laraba ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, gammon Inna na rataye a jikin danga har rana ta cinye shi.

Abin da ba na mantawa ya faru ne ana cikin ranin. Inna na tsugune a madafa tana kaɗa miyar kuka, ta jawo gwangwanin gishiri ta girgiza, ta leƙa, ta sake girgizawa. Ta ajiye shi gefe, miya ta fara kamawa. Sannan ta kira ni, ba ta dube ni ba, ta ce, "Je ki ce ma Babanki babu gishiri." Na je zaure na faɗa. Baba ya zura hannu aljihu da fara'arsa ya ba ni abin da ya isa gishiri da daddawa har da sabulu, ya ce in gaya mata duk abin da take so ta aiko kawai. Da zuciya ɗaya ya faɗa, don shi mutum ne mai kyauta, kuma har ya koma ga Allah ban jin ya gane abin da ya faru a ranar ba. Na kawo mata, ta ce in ajiye a kan turmi, ba ta karɓa da hannunta ba. Ina yarinya, amma na ji kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba.

Da damina ta sauka Baba ya cika alkawari, ya ce 'Yar Wurma ta koma hannun mai ita. Inna ta yi sabon gammo, muka hau mota. A gidan Hajiya aka shimfiɗa mana tabarma kamar da, aka gaisa, aka yi tambayar bayan rabuwa. Sai Hajiya ta ce, cikin jin nauyi, "Wallahi Asabe, mun jira ki har mun gaji. Yanzu wata ɗiya daga Birchi ke kawo muna, kuma na riga na yi mata alkawari." Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya rasu tun cikin azumi ba mu ji ba, ɗayan ya koma wurin ɗansa. Muka zauna bakin kasuwa cikin masu nonon da Inna ba ta saba zama da su ba, rana ta yi ta dukanmu, muka sayar da abin da ya sawwaƙa, muka dawo da saura muka sha da dare. Ba ta sake zuwa ba. Ta ce gwiwoyinta ne ke ciwo, madarar 'Yar Wurma kuma ta koma garwa.

Bayan shekara biyu masu horon suka dawo, wannan karon suka ce mata suke nema, sun gano inda aka yi kuskure. Mai unguwa ya aiko har gida. Inna ta ce a gaishe su, a ce sun kyauta. Daga baya na'urar sanyin ta lalace aka yi ta jiran gyara, hanyar daji ta daina biyuwa saboda ɓarayin shanu, mai babur ya nemi wata sana'a. Baba ya sayar da shanun da suka rage kafin a kore su, muka taso muka dawo Dutsin-Ma. Garwar tana nan har yau, ruwan sha muke zubawa a ciki.

Yanzu ni ma aikina ke nan, tara makiyaya a yi musu horo, kuma na gaji da shi fiye da yadda na gaji da taɓarya. Duk ƙauyen da za mu je nakan roƙi mai unguwa ya turo masu ƙwarya, in maimaita masa har ya fara jin haushina, amma in mun isa sai in tarar maza sun cika benci, mata biyu ko uku na raɓe a bakin taga da goyo. In yi bayanin tsafta, in yi na tanadin harawa, a raba huluna, a ɗauki hoto, mu dawo. Inna tana wurina, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Duk ranar Talata nakan tura mata 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi, don kada ta buɗe baki ta tambaye ni, ita kuma takan yi kamar ba ta san inda suka fito ba. In Laraba ta yi, ta ji mai nono ta yi sallama, sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma. Takan ɗaga faifai ta shinshina, ta taɓa man da yatsa, ba ta taya ciniki. Kafin ta biya, tambaya ɗaya take yi: "Ɗiyata, ƙwaryar taki ce, ko aiko ki aka yi?" In yarinyar ta ce tata ce, sai Inna ta riƙe hannunta ta ce, "To, ki riƙe ta da kyau." Ni da na yi murna ranar da surfe ya ragu, sai yanzu na san abin da muke dakawa a turmin nan.