Awon Ƙotar Bindiga

Ni ba maharbi ba ne, duk wanda ya san ni a Kusfa zai shaida. A wancan zamani akawu ne ni a wani kamfanin auduga a Sabon Gari, gajere mai tabarau, wanda ko kaza za a yanka a gida sai an nemo maƙwabci. Amma na yi shekara biyar ina yawon tara kayan bindigar toka ɗaya bayan ɗaya, har abokan aikina suka laƙaba mini Sarkin Baka. Idan na shigo ofis sai su ce a ɓoye zabi. Nakan yi dariya tare da su, don ya fi mini sauƙi a kan in yi bayani.

Asalin abin daga yayana ne. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, shi ne na fari, kuma Allah bai haɗa mu kama ba ko kaɗan. Dogo ne mai dogayen hannuwa, irin wanda ba ya neman sanda idan ana kaɗar mangwaro. Yana son harbin zabi a fadamun bayan ganuwa, sai dai da bindigar aro, kuma mai ita ba ya bayarwa sai ya haɗa da gori. Ran nan ya ce ya gaji, tasa zai haɗa. Ya je gonar marigayi Babanmu ya sari reshen ɗinya mai kauri, ya yanke guntu ya jingine don ya bushe a sassaƙa ƙota da shi, wato gindin bindiga da ake dogarawa a kafaɗa. Itacen bai gama bushewa ba aka shiga ɗaukar soja saboda yaƙin basasa, shi kuwa ya ba da sunansa. Ranar tafiyarsa ya naɗe guntun a buhu ya tura ƙarƙashin gadona.

"Kai da ka san mutane a Sabon Gari, tara mini ƙarafan," in ji shi. "In na dawo sai mu kai wa Baba masassaƙi. Kada ka bari kowa ya taɓa mini itacen nan."

Wasiƙa biyu muka samu daga gare shi, sai shiru. Aka gama yaƙi, sojoji suka yi ta sauka a tashar jirgin ƙasa, ni kuma na yi ta zuwa ina leƙen fuskoki har masu sayar da rake suka gane ni. Ba a ce mana ya mutu ba, ba a kuma ce yana raye ba. Dangi suka fara raɗe-raɗin a yi masa sadaka a huta, Inna ta ce ba za a yi wa mai rai sadakar mamaci a gidanta ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta ambaci sunansa, balle ta yi kukansa a gaban mutane. Abin da kawai takan ce idan na dawo aiki na jingine keke shi ne, "An samu wani abu na wancan?" Ƙarafan bindiga take nufi a baki, ni kuwa na san abin da take tambaya.

Haka na fara. Bututu na fara nema, aka ce mini maƙera sun fi son sandar sitiyarin tsohuwar jif. Na yi kusan shekara ina bin garejoji a Tudun Wada, ina tsugunawa a gefen makanikai da farar rigata ta ofis, ina jin ƙaryarsu. Kowa ya ce in dawo jibi. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama aka jibge tsofaffin motoci da yawa, a nan na dace da guda mai kyau, ba tsatsa ba lanƙwasa. Na ɗaure ta a jikin keke na shigo ta Ƙofar Doka kamar wanda ya ɗauko amarya.

Gara in faɗi gaskiya tunda tsufa ya zo. Neman ƙarfe ya zama mini hanyar cigiya. Duk inda aka ce akwai tsohon soja da ya koma kanikanci ko tuƙi, sai in je da sunan ina neman wani abu na bindiga, idan hira ta yi nisa in sako zancen wani dogo ɗan Zazzau mai wushirya. Kai tsaye ba na iya tambaya, don ina tsoron amsa. A Wusasa na samu wani wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, yana gyaran kekuna a gindin bishiya kusa da coci. Yana da kunamar wata tsohuwar bindigar kakansa da sifirin ɗinta, wato ƙarfen da ke sa ta bugawa. Na kwatanta masa Yaya tun daga kai har ƙafa, ya saurara har na gama.

"Malam, dogaye da yawa muka baro a can," ya ce. "Wasu kuma sun yi aure sun zauna. Ba zan ce maka komai ba, don ban sani ba."

Ya naɗe mini ƙarafan a tsumma, ya ƙi karɓar komai. Na hau keke na taho, na riƙe rabin maganarsa na biyu na jefar da na farko. Na gaya wa Inna an ce wasu sun yi aure a can, ta ce to Allah ya sa mai hankali ce.

Sauran kayan suka zo a hankali. Zobban tagulla na ɗaure bututu da ƙota, ƙarfen ɗura albarushi, ƙusoshi, duk na samu. Maƙeri ya yi nasa aikin. Har takardar izini na bi na karɓo. Na sa baduku ya yi maratayi na jar fata, na ce ya yi shi da tsawo don na dogon mutum ne. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nakan shimfiɗa tabarma a ɗakina in jera su in goge da man keken ɗinki, in jera su yadda za su zauna, da gurbin ƙota a buɗe. Sa'o'ina suna can majalisa a bakin lungu, tun suna aiko a kira ni har suka daina. Duk sun yi aure, zancensu ya koma na suna da yaye. Ni kuwa na ce ba zan yi ba sai Yaya ya dawo ya karɓa mini, tunda shi ne a madadin uba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan. Gida mai ɗaki huɗu, daga ni sai tsohuwa, kowa na kallon bakin zaure ba ya faɗa wa ɗan'uwansa.

Baba masassaƙi dattijo ne da ke da rumfa can wajen Ƙofar Kuyambana, turmi da tabarya da kujerar mata yake yi, ƙotar bindiga kuwa sai wanda ya ga dama. Tun a shekara ta biyu na je na ce ina so ya sassaƙa don Yaya ya tarar da ita a haɗe. Ya ce ina mai ita. Ya nuna mini wata igiyar rama da ke rataye a wuyansa, ya ce da ita yake auna mutum daga lanƙwasar gwiwar hannu zuwa yatsan da zai ja kunama, ya ƙulla, sannan ya sa gizago.

"Baba, ai ka san shi. In kawo maka rigarsa mana ka kimanta."

"Riga ba ta harbi, ɗana. Ƙota kuma ba tabarya ba ce da za a yi wa kowa iri ɗaya. Ta yi tsawo ta doki haƙori, ta gajarta ta doki ido. Kawo mini hannun mai ita."

Na fito ina gunaguni, ina cewa tsofaffin nan sun cika taurin kai. Amma a raina daɗi na ji. Muddin ƙota na jiran hannunsa, to akwai abin da ke jiransa a garin nan ban da mu.

A shekara ta biyar, da damina, muka haɗu da Baba a wajen wata jana'iza. Sai da na yi magana ya gane ni, idonsa ya fara yana. Ya ja ni gefe ya ce in ina so hannunsa ya taɓa itacen nan in kawo shi cikin makon, zai fitar da siffar ya bar tsawon yadda yake, ranar da mai ita ya zo ko wani ne ya datse masa daidai. Na ga wannan shawara ce mai kyau.

Na koma gida na durƙusa na jawo buhun. Tun ranar da Yaya ya tura shi ban taɓa buɗewa ba. Ƙarafa na goge su sau ɗari, amma itacen da hannunsa ya sara ban iya kallonsa ba, na fake da cewa ya ce kada a taɓa. Da na ɗaga sai na ji gefe ɗaya ba nauyi. Gara ta taso ta ƙasan daɓe ta ci buhun, ta shige cikin itacen ta gefen da ke jikin bango. Na danna da babban yatsa ya burma, jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Ba wanda zan ɗora wa laifi, a ƙarƙashina aka yi ɓarnar ina kwance a kai shekara da shekaru.

Baba ya shafa shi da hannu, ya ƙwanƙwasa, ya sa gizago ya yi ta sare ruɓaɓɓen har ya kai ga mai rai. Ya ciro igiyarsa ya auna abin da ya rage, ya sake aunawa.

"Itace mai kyau ne," ya ce. "Amma yayanka na san shi tun yana yaro. Hannunsa ba zai shiga nan ba, ko kusa." Sannan ya ce, "Miƙo naka mu gani."

Na ce a'a. Na ce za a samo wata ɗinyar. Ya ce ɗinya ba ta ƙare a daji ba, sai dai ba wadda ya sara ba ce. Na ɗauki guntun na yi masa sallama ba tare da na gode ba, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Inna na tsakar gida tana tsintar shinkafa lokacin da na shigo da rana tsaka. Ta ga itacen a hannuna, fari tas inda aka sare. Na yi niyyar wucewa ɗaki, ta ce in kawo. Na tsuguna na gaya mata duka, har da maganar awo. Ta ajiye faifai ta ɗora guntun a cinyarta, ta daɗe tana shafa wajen da sawun gatarinsa yake, wanda gara ba ta kai ba.

"Koma a auna ka," ta ce.

"Inna, ai nasa ne."

Sai ta kira sunansa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta kira shi cikakke, ta ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta a duk inda aka binne shi. Sannan ta ce gobe in sayo gero, in faɗa wa liman da dangi. Hawaye na zuba a kan itacen, ba ta share ba.

Da la'asar na koma rumfar Baba. Bai tambaye ni komai ba. Na naɗe hannun riga na miƙa, ya ɗora igiyar a gwiwar hannuna ya ja ta zuwa yatsa, ya ƙulla. Da ya gwada a jikin itacen, ya ishe ni har da rarar kamar faɗin yatsu biyu.

An yi sadaka ranar Juma'a. Bayan mako uku aka haɗa bindigar, kuma ita ce ƙota ta ƙarshe da Baba ya yi. Ta zauna a kafaɗata daidai, ba ƙari ba ragi, na kuwa tsani yadda ta zauna ɗin. Ban taɓa ɗura mata albarushi ba. Da rani ya zagayo ƙanen Babanmu ya karɓa mini aure.

Bindigar na nan a ɗakina har yanzu. Idan na sauko da ita don gogewa na rataya, gindinta har bayan gwiwata yake bugawa, saboda maratayin na dogon mutum ne. Baduku ya sha ce mini in kawo ya rage, aikin minti biyar ne. Ban kai ba.