Ranar da Aka Kulle Ni a Ɗakin Gunkin Rana

Shekarun baya, a shekarar nan da 'yan bindiga suka rufe ƙofofin Haramin Makka, ina da shagon littattafai a titin Sultana, cikin Madina. Kusa da ni akwai abokina, tela Ba'indiye, Musulmi. Kwanakin tashin hankalin nan tsoro ya kama shi har ya kasa kwana shi kaɗai, sai ya dawo gidana a Ƙuba. Ni kuwa na samu abin tsokana. Kullum sai na ce masa, "Aboki, an buga ƙofa, shige ƙarƙashin gado." Yakan yi murmushi ya ce, "Ya Haji, bashi kake ci."

Bayan 'yan watanni ya gayyace ni bikin ƙanensa a ƙasarsu. Ƙauyen yana kan duwatsu, kuma can sama da shi akwai wani tsohon gini na baƙin dutse, inda Hindu suke bauta wa rana tun zamanin da ba wanda ya sani. Na ji an ce akwai tsohon rubutu a jikin ginshiƙansa. Ni da na tashi da alƙalami da tawada, sai zuciyata ta biya. Abokina ya ce yau ba ranar hawa ba ce, mutanen gari duk sun shige gida. Ban tsaya jin dalili ba, na matsa masa.

Mun isa bayan azahar. Shi ya zaga neman ruwan alwala, ni na cire takalmi na shiga, ina ta auziyya. Can ƙurya ga gunkin a tsaye bisa keken dawakai, idanunsa a buɗe. Na juya masa baya na duƙa ina shafa haruffan.

Sai na ji ƙofa ta rufo, sakata ta faɗa. Ashe al'adarsu ce, in za a yi husufi sai a kulle ɗakin bauta har rana ta fito. Tsohon da ke gadin wurin, wanda ya kulle, bai san da mutum a ciki ba. Ni kuma ban san da husufin ba.

Akwai wata 'yar kafa a sama da haske ke shigowa. Ina kallo hasken ya yi ja, ya dusashe, ya ɗauke. Sanyi ya sauko. Jemagu suka ɗauka dare ne, suka taso suna bugun fuskata. Daga ƙauye kuma na jiyo ana kaɗa ƙarafa ana busa. A Madina mun sha jin ana cewa sabon ƙarnin Hijira ya shigo da alamomin tashin duniya. Na ce shi ke nan, alƙiyama ta zo. Ni da nake roƙon a binne ni a Baƙi'a, ga shi za a tashe ni daga gaban gunki. Me zan ce na zo yi? Karatun bango?

Na nemi alƙibla na rasa. Na kama kalmar shahada, harshena yana sarƙewa. Daga nan na faɗa wa ƙofa da duka, ina kiran abokina da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Ya Haji, ina nan!" ya ce daga waje. "Husufi ne kawai, yi salati."

Na ji yana roƙon tsohon da yarensu. Tsohon ma kuka yake, don a wurinsa buɗe ƙofar nan a lokacin babban laifi ne. Duk da haka ya zare sakatar. Na fito da rarrafe. Abokina ya kama hannuna ya tashe ni.

Muka nisanci ginin, muka yi sallar husufi a kan wani falalen dutse. Abokina ne ya ja mu, don ni Fatiha ma ba ta zauna a bakina ba. Kafin mu sallame haske ya dawo.

Har yau in an yi husufi ina tuna tsohon nan, ina roƙa masa shiriya. Ina kuma tuna mahaifiyata, wadda take fito da kwanon tasa ta yi ta kaɗawa in rana ta kamu. Ashe bayan teku ma haka bayin Allah suke firgita.

Muna gangarowa ina jiran tsokana. Sai da muka hango rufin gidansu abokina ya tsaya. Nan ya miƙo mini takalmana, waɗanda na manta a bakin ƙofa.

"Ya Haji," ya ce, "ka ga tsorona, na ga naka. Shi ke nan, ba bashi."